NAZARI: Garaɓasar kamfanonin jiragen sama ga manyan matafiya, da wanda ke biyan kuɗinta

Ranar 30 ga Maris, 2024, jirgin kamfanin Air Peace ya tashi daga Legas ya sauka a filin jirgin Gatwick na birnin Landan. Tun kafin ranar, kamfanin ya sanar da farashinsa: naira miliyan 1.2 zuwa da dawowa a kujerun gama-gari, kimanin naira miliyan 4 a kujerun alfarma na sashen 'yan kasuwa, sannan rangwamen kashi 15 cikin ɗari ga ɗalibai. Cikin 'yan makonni, kamfanonin ƙasashen waje da suka shafe kusan shekara biyu suna tsawwala wa 'yan Najeriya suka fara zaftare nasu farashin, har da waɗanda sai sun ya da zango a wata ƙasa kafin su isa Landan.

Matafiya sun yi murna. Shugaban Air Peace, Allen Onyema, bai yi ba. Ya fito a gidajen talbijin yana zargin cewa kamfanonin waje sun haɗa baki suna karya farashi ne domin su kori kamfaninsa daga hanyar, daga baya su mayar da kuɗin tikiti inda yake a da.

Adalci shi ne a faɗi cewa ba shigowar Air Peace kaɗai ta sauko da farashin ba. Kuɗaɗen kamfanonin waje da suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala sun kai kimanin dala miliyan 850 a tsakiyar 2023, bisa ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA. A wancan lokaci kamfanonin sun rufe wa masu saye da naira tikiti masu sauƙin kuɗi, suka bar masu tsada kawai. Zuwa Afrilun 2024 Babban Bankin Najeriya ya biya kusan duka bashin, kamfanonin sun sake buɗe ƙananan tikitin, kuma naira ta ɗan farfaɗo a makonnin nan bayan ta haura 1,500 a kan dala ɗaya a Fabrairu. Amma ko da an cire waɗannan dalilai, saurin da farashin kujerun gaba ya faɗi ya nuna inda ainihin kokawar take.

Kujerun gaba

Kamfanin jirgi ba ya rayuwa da yawan fasinja kawai, yana rayuwa ne da irin fasinjan. Wanda zai je taron shugabannin banki ranar Talata ba zai ɗage tafiyarsa zuwa Juma'a don tikiti ya fi araha ba. Yakan sayi tikiti a ƙurarren lokaci, yana son a ba shi damar sauya rana, kuma mafi muhimmanci, ba daga aljihunsa kuɗin ke fita ba. Shi ya sa hanyar British Airways tsakanin Landan da New York, wadda ma'aikatan bankuna da lauyoyi ke cika kujerun gabanta, ta kawo wa kamfanin sama da dala biliyan ɗaya a shekara guda kafin annobar korona. Shi ya sa kuma lokacin da Emirates ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoba, 2024, bayan kusan shekara biyu da dakatar da zuwa, ya zo da jirgi mai kujeru 354, wanda 50 daga ciki na alfarma ne.

Dabarun farautar wannan fasinja a Amurka aka ƙirƙiro su, bayan gwamnati ta sakar wa kamfanoni mara kan farashi a 1978. A Mayun 1981 American Airlines ya ƙaddamar da shirin AAdvantage, inda fasinja ke tara maki gwargwadon nisan tafiyarsa, daga baya ya karɓi tikiti kyauta ko a ɗaga shi zuwa kujerar gaba. A 1985 kamfanin ya fito da tikiti masu matuƙar araha domin ya karya wani sabon abokin hamayya mai suna People Express, amma ya gindaya sharuɗɗa: sai an saya tun da wuri, ba a mayar da cikakken kuɗi, kuma sai matafiyi ya kwana daren Asabar a inda ya je. Sharaɗin Asabar ɗin nan shinge ne. Mai yawon buɗe ido bai damu da shi ba, amma ma'aikacin da ke son komawa gida ranar Juma'a dole ya sayi mai tsada. Zuwa farkon 1987 People Express ya zama tarihi.

Daga nan ne tsarin ya bazu. Yau kusan kowane babban kamfani da ke sauka a Najeriya yana da shiri biyu: ɗaya na fasinja, ɗaya na ma'aikatar da ke biya masa. Akwai Business Rewards na Emirates, da Beyond Business na Qatar Airways, da Corporate Club na Turkish Airlines, da On Business na British Airways. Tayin bai cika bambanta ba: ragi a kan tikiti, ƙarin nauyin kaya, shiga zauren hutu na manyan baƙi, layi na musamman, sauya ranar tafiya cikin sauƙi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da kamfanin ya bayar ƙanƙani ne idan aka auna shi da abin da yake tsammanin samu daga ma'aikata guda mai tura mutum hamsin waje a shekara.

Makin kansa ya zama haja. Da korona ta tsayar da jirage a 2020, United ya ci bashin dala biliyan 6.8 ta hanyar jinginar da shirinsa na maki, Delta ya ci biliyan 9, American kuma biliyan 10 a 2021. Masu ba da bashi sun fi amincewa da makin fiye da jiragen, domin bankuna na sayen maki da tsabar kuɗi su raba wa masu katinsu, kuma kamfanin jirgin ne ke da ikon yanke darajar makin a duk lokacin da ya ga dama. Wannan iko ne ya sa ma'aikatar sufurin Amurka ta buɗe bincike a kan shirye-shiryen manyan kamfanoni huɗu a Satumbar 2024. British Airways ma ya sauya nasa daga Afrilun 2025: yanzu yawan kuɗin da mutum ya kashe ake dubawa, kuma katin zinare na buƙatar kashe kimanin fam 20,000 a shekara. Saƙon a fili yake game da wanda kamfanin ke so.

Idan baitulmali ne ke biya

A nan ne maganar ta bar fagen kasuwanci ta shiga siyasa. Duk tsarin an gina shi ne a kan rabuwa tsakanin mai zaɓen jirgi da mai biyan kuɗi. Idan mai biyan kamfani ne mai zaman kansa, matsalar masu hannun jari ce, kuma manyan kamfanoni sun daɗe da ɗaukar ma'aikatan da aikinsu kawai shi ne hana ma'aikaci zaɓen tikiti mai tsada don ya tara maki. Idan kuwa mai biyan gwamnati ce, to talaka ne ke sayen tikitin, jami'i kuma ya tafi gida da tukuicin.

A Najeriya gwamnati na cikin manyan masu sayen kujerun gaba. A 2016, lokacin Kemi Adeosun tana ministar kuɗi, an hana manyan jami'ai shiga sashen farko, aka mayar da su na 'yan kasuwa. A Oktoban 2019 Shugaba Buhari ya taƙaita tafiye-tafiyen ministoci da shugabannin hukumomi zuwa biyu a kowane wata uku. Bayan surutun da ya biyo taron sauyin yanayi na Dubai a ƙarshen 2023, inda aka yi wa mutum 1,411 rajista da sunan Najeriya, gwamnati kuma ta ce 422 ta ɗauki nauyinsu, Shugaba Tinubu ya dakatar da tafiye-tafiyen waje da kuɗin gwamnati na wata uku daga 1 ga Afrilu, 2024. Duk waɗannan matakai sun tsaya ne a kan irin kujera, yawan tafiya da yawan 'yan rakiya. Ba kasafai ake jin wani ɗan majalisa, a zaman kare kasafin kuɗi, ya tambayi babban sakatare ina makin da aka tara da tikitin ma'aikatarsa ba, ko wane ragi dillalin tikitin ma'aikatar ya karɓa, kuma aljihun wa ya shiga.

Tambayar ba ƙarama ba ce. A Jamus, a 2002, jaridar Bild ta fallasa cewa wasu 'yan majalisar tarayya sun yi amfani da makin Lufthansa da suka tara a tafiyar aiki wajen tafiye-tafiyen kansu, alhali ƙa'idar majalisar ta ce a yi aikin hukuma da shi. Gregor Gysi ya ajiye muƙaminsa na kwamishinan tattalin arzikin Berlin, Cem Özdemir na jam'iyyar masu kare muhalli shi ma ya sauka daga nasa. Amurka ta bi akasin wannan hanya: a ƙarshen 2001 ta yi doka ta bar wa ma'aikatan tarayya makinsu. Sai dai ita tana da tsarin da gwamnati ke yin ciniki da kamfanonin jirage a dunƙule duk shekara, ta tsayar da farashi a kan hanyoyi dubbai, saboda haka zaɓin ma'aikaci taƙaitacce ne. Ƙasashen biyu sun saɓa a hukunci, amma kowace ta zauna ta yanke shi.

Rangwame ko makami

Zargin Onyema yana da tarihi a bayansa. A 1999 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar British Airways yuro miliyan 6.8 bayan ƙorafin Virgin Atlantic. Laifin shi ne yadda kamfanin ke biyan dillalan tikiti kamasho: duk wanda ya sayar fiye da na bara, sai a ƙara masa kaso a kan dukkan tikitin da ya sayar, ba a kan ƙarin kawai ba. Dillali da ya kusa cika adadinsa ba zai yi gangancin tura abokin ciniki ga wani kamfani ba, ko da ya fi araha. Kotun ƙolin tarayyar ta tabbatar da hukuncin a 2007.

Hanyar Legas zuwa Landan kuma maƙabartar kamfanonin Najeriya ce. Bellview ya yi ya bari. Arik ya dakatar a 2017 bayan AMCON ta karɓe shi. Medview ya fara a 2015, bai yi nisa ba. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa: bashi, rashin jirage da soke tafiya ba gaira ba dalili sun taka rawa a faɗuwarsu, kuma wannan shi ne abin da matafiyin kasuwanci ba ya yafewa. Wanda ya rasa taron da ya sa shi tafiya ba zai ji daɗin ragin naira miliyan biyu ba. Yana kuma kula da inda za a sauke shi, abin da ya sa ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya rubuta wa takwararsa ta Birtaniya a Agustan 2024 yana barazanar hana British Airways da Virgin gurbi a Legas da Abuja idan ba a ba Air Peace gurbi a Heathrow ba. A ƙarshen Oktoban 2025 kamfanin ya fara zuwa Heathrow daga Abuja.

Wani abin lura shi ne cewa a cikin gida, inda Air Peace ne babba, shi ake yi wa ƙorafin tsada. A Disambar 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta gayyaci kamfanin kan farashin wasu hanyoyin cikin gida, kamfanin kuma ya musanta zargin, ya kafa hujja da tsadar man jirgi da kuɗin ruwan banki. Rangwame, a Landan ko a Owerri, yana bin yawan abokan hamayya ne, bai san tutar ƙasa ba.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari

Akwai wani matafiyin kasuwanci da waɗannan shirye-shirye ba su zana hotonsa ba. Shi ne mai atamfa da shadda a Kantin Kwari, ko mai wayoyi a Farm Centre, da ke zuwa Guangzhou, Dubai, Istanbul ko Alƙahira sau uku ko huɗu a shekara. Shi ne mai zaɓe, shi ne mai biya, saboda haka a kujerun baya yake zama. Zauren hutu bai dame shi ba. Abin da yake lissafawa shi ne jaka biyu masu kilo 23 da aka saba bayarwa, nawa ne kuɗin ta uku, awa nawa zai jira a Adis Ababa ko Doha, da ko zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano kai tsaye ba sai ya biya ta Abuja ko Legas ba. Shirye-shiryen kamfanoni galibi suna neman kamfani mai rajista da jerin ma'aikata, shi kuwa sau da yawa ta hannun dillali yake yankar tikiti, kuma idan akwai wani ihsani daga kamfanin jirgi, a wajen dillalin yake tsayawa. Lokacin da ya fi buƙatar sauƙi, wato watannin baje kolin Canton a Afrilu da Oktoba, shi ne lokacin da kujeru suka fi tsada.

Kano ta ga shigowa da ficewa. KLM ya yi sama da shekara sittin yana sauka a birnin kafin ya daina a 2012. Qatar Airways ya shigo a Maris na 2022, ya tarar da Ethiopian da EgyptAir. Kuma shekarun da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rufe wa 'yan Najeriya biza, har zuwa Yulin 2024, sun nuna cewa babu garaɓasar da ke amfanar wanda ba a bari ya shiga ƙasa ba.

Yanzu Keyamo yana tallata ƙudirin doka da zai tilasta duk tafiyar da gwamnati ta biya ta kasance a jirgin kamfanin Najeriya, kwatankwacin dokar da Amurka ta yi a 1974. Idan ya tabbata, zai miƙa wa kamfanonin gida fasinjan da ya fi kowa tsoka ba tare da sun yi masa wani tayi ba. Hakan zai taimaka musu su rayu a hanyoyin waje, amma kamfanin da doka ta ɗaure masa abokin ciniki ba shi da dalilin rage masa ko sisi, sai fa idan dokar ta tilasta wa gwamnati yin ciniki a dunƙule, ta wallafa farashin da aka amince, ta kuma fayyace mai makin da tikitin ya haifar.