Hunturu da Allon Lantarki: Ɓarnar da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya taɓa cire rigar nailan cikin duhu a watan Janairu a Kano ya ji ƙarar tas-tas, wani lokaci ma ya ga tartsatsi. Wannan ita ce lantarkin guga, wato wadda ke taruwa idan abubuwa biyu sun gogi juna, ɗaya ya ƙwace wa ɗaya ƙwayoyin elektaron. Girkawan dā sun lura da ita a jikin sandararren ƙaro, kuma daga sunan ƙaron nan aka samo kalmar. William Gilbert na Ingila ya yi rubutu a kanta a 1600.

Yara na wasa da ita. A masana'antun Sharada, Challawa da Bompai kuwa, asarar kuɗi ce. Injunan zamani, musamman na narka roba, allon lantarki ne ke sarrafa su, wanda masu gyara ke kira fanel. Idan ya lalace sai aiki ya tsaya, leburori su koma gida, a jira sabo daga ƙetare.

Ni fannina nazarin halittu ne, don haka bari in fara da jikin mutum. Jijiyoyinmu ba sa jin fizgar lantarkin guga sai ta kai kimanin bolt 3,000. Amma wasu ƙananan sassan allo, ƙasa da bolt 100 ya isa ya ƙona su. Ke nan mai gyara na iya kashe allo da yatsarsa bai ji komai ba. Mafi muni, sashen kan ji rauni ne kawai, ya ci gaba da aiki, ya mutu bayan makonni, a ɗora laifin kan masu ba da wuta. Da damina, danshin da ke kan fata da tufafi na zurar da cajin a hankali. Da hunturu, lokacin da danshin iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, fata ta bushe har ta yi kaushi, cajin ba shi da hanyar fita.

Wajen huda allo ko yanke shi da inji abin ya fi tsanani. Bakin inji na gugar allon, ƙurar da ke tashi na gugar tiyon roba mai zuƙe ta, kowanne na tara caji. Ga kuma leda ko'ina. Na taɓa ganin wani mai gyara a wata masana'anta ya naɗe allo mai tsada cikin baƙar leda, yana ganin kare shi yake yi daga ƙura!

Maganin ba shi da tsada. A haɗa jikin inji da teburin aiki da wayar ƙasa. Mai aiki ya ɗaura abin wuyan hannu mai wayar da ke bi ta rizista ta megaom 1. Rizistar nan ce ke kare shi, don haka kada ya ɗaura waya tsirara. A riƙe allo ta gefe, a ajiye shi a jakarsa mai ruwan azurfa, a sa rigar auduga maimakon nailan.

A ganina gyaran na hannun makarantu. Ya kamata Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, da ke Kaduna ta matsa wa kwalejojin fasaha su gwada ɗalibai a kan wannan a aikace. Malamin sakandare kuwa matsefi da yagaggiyar takarda sun ishe shi. Ya yi gwajin a Agusta, ya maimaita a Janairu, ya bar ɗalibai su faɗi dalilin bambancin.