A daina mantawa da Melba Liston

Masu sauraron kiɗan jaz sun san Dizzy Gillespie da Randy Weston, amma kaɗan ne suka san matar da ta tsara musu yadda kowane ƙaho zai shigo. Melba Liston, ba'amurkiyar da aka haifa a birnin Kansas a 1926, gwanar busa turombon ce. Ita ta tsara kiɗan faifan Uhuru Afrika na Weston a 1960, shekarar da ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya da Nijar, suka sami 'yancin kai. Wasu za su ce faifai ɗaya tak ta fitar da sunanta, don haka ba a tauye mata haƙƙi ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin aikin mai tsara kiɗa a faifan wasu yake bayyana, kuma a zamaninta da wuya kamfanoni su ba mace jagorancin ƙungiya. Ko shanyewar ɓarin jiki da ta same ta a 1985 ba ta hana ta ci gaba da tsara kiɗa da kwamfuta ba. Ta rasu a 1999. Gidajen rediyo su riƙa faɗin sunanta duk lokacin da suka sa Uhuru Afrika.