Waiwaye: Sunan hajarka a N'Djamena, takardarsa a Yawunde

Ba da jimawa ba, garin cebe abin matan Chadi ne kawai: a soya, a daka, a kwaɓa da mai a shafe kitso. Da intanet ta kai labarinsa Amurka da Turai, sai ga robobi kala-kala, kowace da tambarinta. Masu haɗa shi a Kasuwar Dembe da Kasuwar Gero suka fara tambaya: ina ake kulle suna?

Amsar ta girmi yawancinsu. Tun 1962 Chadi ta shiga yarjejeniyar Libreville, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta gada, aka kafa hukumar OAPI a Yawunde. Chadi ba ta ba da rajistar tambari ita kaɗai. Ofishin tuntuɓa da ke N'Djamena karɓar takardu yake ya tura, hukuncin kuwa na Yawunde ne. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, ciki har da Nijar da Kamaru, na shekara 10, sai a sabunta.

Inda ɗan kasuwa ke fara tuntuɓe shi ne zaton takardar buɗe kasuwanci ta riga ta tsare masa suna. Ba ta tsare ba. A wannan tsari wanda ya fara shigar da takarda shi ke gaba, kuma wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. 'Yan Nijar sun ga kamar haka a ƙarshen shekarun 2000, lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi kariya a OAPI da sunan albasar Galmi. Sai da gwamnatinsu ta ja daga kafin a bar musu sunan. Su suna da gwamnati a bayansu. Mai ƙaramin shago wa gare shi?

Sai batun sunan kansa. Kalmar cebe zalla, ko humra, ko kilishi, sunan kaya ne, na kowa da kowa, ba za a mallaka wa mutum ɗaya ba. Ƙirƙiri naka, ka sa a bincika ko wani ya riga ka kafin ka buga leda dubu. Tutar ƙasa ko hatiminta kada su shiga zanen. Kaya da ayyuka an kasa su aji 45. Wanda ya rubuta man gashi ya manta da sayar da abinci, ya san iyakar abin da ya tsare. Daga Janairun 2022 an sauƙaƙa, ana haɗa kaya da ayyuka a takarda guda, amma ana shelar buƙatar, mai ƙorafi na da wata 3. Tambarin da aka ajiye shekara 5 ba amfani kuma ana iya neman soke shi.

Abin da ya fi shafar Hausawan da ke bin hanyar Kuseri zuwa Gamboru da Maiduguri: Najeriya ba ta cikin OAPI. Takardar Yawunde ba ta tsallaka can. Alhaji, in kayanka za su sauka Kantin Kwari, sai ka nemi wata rajistar daban a Abuja, wadda ta farko shekara 7 ce.