A Auna Jininmu, Amma Da Sharaɗi

Jama'a, duk mai cin kasuwar Jibiya ya san ciwon sukari ba baƙo ba ne. Mutum ya haura arba'in, sai ƙishirwa ta dame shi, fitsari ba dare ba rana, ya rame, gyambon ƙafa ya ƙi warkewa. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce ciwon attajirai ne, alhali ga shi a gidan mai tallan goro. Abin da kowa ya yarda da shi, ya kan bi gida.

Wannan bin gida shi masana ke bincike. A jikin kowa akwai ƙwayoyin gado, watau abin da ɗa ke ɗaukowa daga uwa da uba. A 2006 masana a ƙasar Aisilan suka gano wata da ake kira TCF7L2. Wanda ya gaji mugun irinta ta wajen uwa da uba duka, haɗarinsa ya kai ninki biyu na wanda bai gada ba. A 2007 jinin mutanen Afirka ta Yamma ya taimaka aka gane takamaimai inda aibin yake. Jagoran tara jinin nan ɗan Nijeriya ne, Dokta Charles Rotimi, mai aiki a Amurka. A 2019 shi da abokan aikinsa suka ba da labarin awon mutum 5,231, suka samo wata sabuwa, ZRANB3.

Madalla. To, amma ina aka ɗebi jinin? Ibadan, Ikko, Inugu, Ankara, Kumasi, da Eldoret ta Kenya. Ba Kano, ba Katsina, ba Maraɗi, balle Gangara.

Kada wani ya ce ina ruwan talaka. Akwai awon da likita ke yi, HbA1c, mai duba sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini cikin wata uku. A 2017 aka nuna cewa wani gado mai suna G6PD, wanda ya yi yawa a ƙasashen zazzaɓin sauro, ya kan sa awon nan ya faɗi ƙasa da gaskiya. An ƙiyasta baƙar fatar Amurka wajen 650,000 masu ciwon za su iya wucewa a ce lafiyarsu lau. In haka ta samu jikokin da ke can, mu fa da ke kwana da sauro? Mai alamun ciwon ya roƙi a ƙara masa awon sassafe, kafin ya karya kumallo. Gadon kuma ba shi kaɗai ke aiki ba. Ƙiba, da zama wuri ɗaya a rumfa, da shayi mai cokali huɗu suna da nasu kaso.

Saboda haka muna so binciken ya iso mu. Amma ba mu manta da 1996 ba, shekarar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya haɗa yara wajen 200. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Sai 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Mai zuwa neman jini ya yi bayani da Hausa, a gaban mai jinin, ba a zauren dagaci kaɗai ba. Sa hannun wani ba yardar talaka ba ce. A faɗi inda za a kai jinin da wanda zai riƙe shi. Wanda aka samu da ciwon kuwa a gaya masa, a haɗa shi da magani mai sauƙin kuɗi, kada a bar shi da takarda.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina su nemi shiga aikin nan da kansu, su gayyato likitocin Maraɗi. Dangin mutumin Gangara da yawa suna ƙetaren iyaka, wanda ya auna ɓangare ɗaya rabin gida ya auna.