Ba kowane kumburin ciki ne ciwon hanta ba

1/ 'Yan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ku matso. A wajenmu da an ga ciki ya kumbura, ƙafafu sun yi suntum, sai a ce hanta ce ko sammu. Wannan saurin yanke hukuncin yana cutar da mu.

2/ Zuciya tana cikin wata 'yar jaka mai laushi. Idan ƙwayar tarin fuka ta kama jakar, tana iya yin kauri ta ƙandare. Sai zuciya ta kasa buɗewa ta karɓi jini, ruwa ya taru a ciki da ƙafa.

3/ A Afirka tarin fuka ne kan gaba wajen jawo wannan. Kuma fa ba dole sai mutum yana tari ba.

4/ Ku lura: haki daga ɗan motsi, kasala, jijiyoyin wuya a tashe ko yana zaune.

5/ Maganin sa fitsari rage ruwa kawai yake. In jakar ta ƙandare, tiyata ake yi a cire ta, kuma jinkiri yana ƙara haɗarin aikin.

6/ Na sani, daga Doguwa a ratsa dajin Falgore zuwa Kano ba wasa ba ne. Amma watanni ana jiƙo da kemis ma kuɗi ne. A roƙi likita ya tura a yi hoton zuciya, ko da sai an je Asibitin Malam Aminu Kano.

7/ Maganin tarin fuka kyauta ne, wata 6. In akwai mai sha a gidanku, ku tsaya masa ya ƙarasa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.