Darasin da Na Koya daga Wani Makaɗin Kukuma

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe a tsakaninmu Hausawa, wato mu so waƙa amma mu raina mawaƙi. Mutum zai yi liƙi a wurin biki har aljihunsa ya ƙare, amma ranar da makaɗin ya zo neman auren 'yarsa sai ya ce ai maroƙi ne. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma hujjata ita ce rayuwar wani aminina, makaɗin kukuma, wanda muka yi fiye da shekara 20 muna tare kafin Allah ya yi masa rasuwa.

Na san shi a ƙarshen shekarun 1980, ina ɗalibi. Da rana ma'aikaci ne a wata masaƙa da ke Bompai, da dare kuma ya ɗauki kukumarsa ya nufi wani otal a Sabon Gari. Bai yi suna kamar Garba Supa ko Ahmadu Doka ba. Masu sauraronsa leburori ne 'yan'uwansa, na masaƙun Bompai da kamfanonin roba na Sharaɗa da majemun Challawa.

Darasi na farko da na koya daga gare shi shi ne girmama harshe. A aji an koya mana karin sauti da tsawon wasali, shi kuwa bai taɓa jin waɗannan sunaye ba. Duk da haka, idan ɗan amshi ya ja wasalin da ya kamata ya gajarta, nan take zai tsayar da kiɗa ya ce an karya kalma. A wurinsa na fahimci cewa ƙa'idojin da muke rubutawa a allo suna bakin jama'a tun kafin mu ba su suna.

Na biyu shi ne faɗin gaskiya ba tare da cin mutunci ba. Ya yi waƙa a kan albashin da ba ya kai ƙarshen wata, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da kuma warin ruwan jima da ke kwarara cikin kogin Challawa. Amma ban taɓa jin ya kama sunan wani ya yi masa zambo ba. Ra'ayinsa shi ne, a soki hali a bar mai hali, domin wataƙila ya gyara.

Na uku shi ne haƙuri. Lokacin da ƙarancin wutar lantarki da shigowar yadin waje mai araha suka durƙusar da masaƙun Kano, ya rasa aikinsa. Bayan ƙaddamar da Shari'a a jihar a 2000, ya daina wasan otal, ya koma bukukuwan aure da suna, yana haɗawa da sayar da goro. Da haka ya ciyar da iyalinsa, bai tsaya a ƙofar kowa ba.

Wani zai ce ai otal matattarar mashaya ce. Ban musa ba, kuma ba ina kiran ɗalibai su tafi can ba ne. Sai dai wuri daban, hali daban. Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, duk a gaban talakawa suka yi tashe kafin masana su waiwaye su.

Abin da ke damuna shi ne, ban naɗi waƙoƙin aminina ba sai kaset guda, kullum ina cewa sai gobe. Tarihin ma'aikatan Kano da ke bakinsa ya tafi tare da shi. Saboda haka, ya kai ɗalibi, idan lokacin rubuta kundinka ya zo, kada ka tsaya ga mashahuran makaɗan da aka riga aka nazarta. Duba unguwarku. Akwai tsohon makaɗin da ba wanda ya taɓa tambayar sa komai. Je ka gaishe shi da ladabi, ka naɗi muryarsa tun yana raye.