Mu Kai Yara Su Ƙirga Halittun Usuma

Jama'a, ina so mu yi shawara a kan darasin sanin halitta. Mukan zana kifi a allo, yara su kwafa, alhali ga Kogin Usuma kusa da mu, wanda daga madatsarsa Abuja ke shan ruwa, kana ya ratsa Gwagwalada ya faɗa Gurara. A ganina wajibi ne mu kai yara bakinsa su ƙirga abin da ke raye ciki.

Dalilina shi ne, ido ba ya gane lafiyar ruwa. Ruwa yakan yi garau, amma iskar da halittu ke shaƙa a cikinsa ta ƙare saboda ƙazanta. Halittun su ne shaidu. In yaro ya ɗaga dutse ya ga kaguwa da 'ya'yan mazari da ƙwari iri iri, to, ruwan na da sauran lafiya. In kuwa bai sami kome ba sai jajayen tsutsotsi da matsattsaku, lalle akwai ɓarna. Tarwaɗa kaɗai ba shaida ba ce, domin takan shaƙi iskar sarari, ta rayu inda sauran kifaye suka mutu.

Dubi Kogin Tems na Landan, wanda ruwan teku ke hawa cikinsa ya janye sau biyu kowace rana. A 1957 masana suka ce ya mutu. Aka gyara hanyoyin ƙazantar birnin, har rahoton 2021 ya ambaci kifi fiye da iri 115 a cikinsa. Ta yaya aka tabbatar ya farfaɗo? Ta ƙirge da rubutu, shekara bayan shekara. Namu kogin ba ya hawa da sauka da teku, sai da damina da rani, amma hanyar ɗaya ce.

Wani zai ce da mugunyar rawa gara ƙin tashi: yaro na iya nutsewa, ko ya kamu da tsargiya, wadda dodon koɗin ruwa ke rainon tsutsarta. Wannan magana ce mai nauyi. Maganinta shi ne a tafi da rani, wurin da ba zurfi, da iznin iyaye. Malami ya sa takalmin roba ya ɗebo da koma, ya juye a farin kwano, yara su ƙirga a kan tudu, sa'an nan a mai da halittun ruwa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne littafi. A rubuta rana, da wuri, da adadi, a bar wa ajin baɗi. Ran da kaguwa ta ɓace, makaranta na da hujjar da za ta kai gaban hukuma.

'Yan'uwana masu shirin fita koyarwa, gani ya kori ji. Kowa ya ɗauki rafin da ke kusa da makarantarsa ya fara. Allah ya taimake mu, amin.